Shekarar da Aka Hutar da Rijiya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, faɗa nake ana rubutawa. Ku 'ya'yan babban ɗana da kuka tashi a kudu, na san abin da ake gaya muku in kun zo garin nan: wai kakarku Asabe ce ta kori kamfani, ita ta raba ubanku da gida. Ban ce ƙarya ake muku ba. Amma ƙarshen maganar ake ba ku, farkonta kuwa ba wanda ya ba ku, to ku gyara zama ku ji. Sunan ubanku ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne. Inda na ce Malam, kakanku nake nufi, Allah ya jiƙansa.

Garinmu kun san shi, a gindin dutse yake, in an baro Rano an wuce Madachi. Rijiya ɗaya gare mu babba, a bakin fadama. Da damina ruwanta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Da kaka sai guga. Da rani a ƙara igiya, a kuma ƙarawa. In bazara ta kama kuwa, sai rijiyar ta ja da baya, ta bar ɗan abin da masu sammako za su kwashe. To a nan ne mata ke gangarawa ƙorama. Ƙoramar a ido busasshiya ce, yashi ne fari fat, amma in kika durƙusa kika tona kamar tsawon hannu, kika zauna kika jira, ruwa zai tsattsafo, ki riƙa kwalfa da ƙoƙo kina zubawa a jarka. Can ƙasa da mu Fulanin rugar bayan dutse suke tona nasu, su shayar da shanu. Haka muka tarar, haka muke yi, ba mu taɓa kiransa wahala ba. Abu ɗaya ne, ba ma faɗa wa baƙo. A garinmu baƙo ba ya ganin gindin randa. Ko moɗar ƙarshe ce za ki miƙa masa, ki cika ta har tana zuba, in ya tambaye ki yaya ruwa, ki ce alhamdulillahi.

A shekarar da nake ba ku labari, sai ga wasu mutane da motoci masu dogayen ƙafafu, suna hawa dutse, suna fasa shi, suna ɗurawa a ƙananan buhuna. Suka zo, suka koma, suka sake zuwa. Daga nan magana ta fito, wai kuza ce a cikin dutsenmu, kuma in kamfani ya fara haƙa, zai ɗebi samarin gari aiki. Ubanku a lokacin acaɓa yake yi tsakanin Rano da Rurum, mashin ɗin ma na wani ne, uwarku tana goyon babbarku. Ya daɗe yana cewa shi kudu zai tafi fasa dutse, Malam yana danne shi. Da aka ce masa za a koya masa tuƙin motar haƙa, sai ya daina zancen kudu. Har wanke mashin yake yana fito.

Ana nan, ana nan, sai aka aiko cewa kafin kamfani ya zuba dukiyarsa, zai turo masu awon ruwa. Ashe ita kuza ba haka nan ake tsintar ta ba, sai an wanke ƙasa an wanke, tukuna ta kwanta a ƙasan ruwa, kuma wankin nan yana cin ruwa ba kaɗan ba. In babu ruwa, babu aiki. Dattawa suka taru a zauren Mai Unguwa, abin da suka yanke kuwa Malam ne ya kawo mini shi tsakar gida, ina tankaɗe.

"Asabe, daga gobe ba mai sa guga a rijiya."

"Wani abu ya faɗa ciki?"

"Ba abin da ya faɗa. Hutar da ita za a yi. A bar ta ta taru, baƙin nan su same ta da mutuncinta."

"Mu kuma mu sha me?"

"Ƙorama ai tana nan. Amma ku riƙa bi ta bayan gari, kada a ga mace da jarka a hanyar mota."

Arɗon rugar ma aka je aka roƙe shi ya kaɗa shanunsa wajen Nariya har baƙi su tafi, ya kuwa amsa, don zaman tare. Ina so ku gane wani abu a nan. A duk garin ba wanda ya ɗauki wannan a ƙarya. Kamar dai yadda ake share ƙofar gida ne, a aro tabarmar maƙwabta a shimfiɗa in za a yi manyan baƙi. Ni kaina da farko ban ga laifinsa ba, nauyin jarka kawai na gani.

Masu awon suka iso da tsakiyar bazara, maza da mace guda. Mazan aka sauke su a ajin firamare, macen aka kawo mini ita, da yake ina da ɗaki ba kowa. Sunanta Malama Rabi, 'yar birnin Kano ce, ga hijabi har ƙasa ga takalmi irin na sojoji. Tana magana da sauri, tana cin ɗan wake da yaji kamar ba harshenta ba. Tana da wata igiya mai ƙarfe a baki, in an zura ta a rijiya ta taɓa ruwa sai ta yi kuka. Ranar da aka zura ta a rijiyarmu ba a yi nisa ba ta yi kukan, maza suka dubi juna, kowa yana shafa gemu. Daga nan suka sa inji suka zuƙe ruwan, suka zauna suna kallon yadda yake dawowa. Ya dawo, amma a hankali ƙwarai. Malama Rabi ta dawo gida fuskarta ba walwala. Washegari ta shiga gida gida tana tambayar mata, jarka nawa kuke sha, wane wata ruwa ke ƙaranci. Ko'ina amsa ɗaya, alhamdulillahi, sai wanda muka zubar. Ta ga busasshen kashin shanu a hanyar fadama ta tambaya, aka ce mata ai tsoho ne, Fulani sun daɗe da tashi. Ni kuwa safe da yamma ina ajiye mata bokiti cike na wanka, ruwan da na ɗauko a ka daga ƙorama, na bar shi ya kwanta, na tace da ƙyalle, don kada ta ga yashi.

Wata rana bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna tana taya ni. Na ce mata, 'yar nan, wai ke mene ne aikinki, kullum sai leƙen rijiya kamar kin yar da ɗan kunne a ciki? Ta yi dariya.

"Iya, aikina ba wuya. In san ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan, in san wanda ku da dabbobinku kuke sha. Abin da ya saura shi kamfani zai ɗiba. In bai ishe su ba, sai su jawo daga madatsar ruwa ta Tiga da bututu, ko su yi ta jigila da tanka, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shi suke so su sani tun yanzu."

"To in kin rubuta ba ma shan da yawa fa?"

"Sai a bar muku kaɗan."

Na ci gaba da ɓara. Ta ce akwai kuma ruwan da aka yi wankin da shi, baƙi ƙirin yake fitowa, ba ya shayuwa, dole a haƙa masa tafki inda zai kwanta. Ta ce da yake an gaya mata ba mai amfani da ƙorama da rani, a saman ƙoramar za ta ce a sa tafkin, nan ya fi kusa, ya fi araha.

"A saman ƙorama," na ce.

"Eh, Iya. Wurin ai ba kowa."

"Dabbobin da ba ki gani ba fa?"

"Abin da ban gani ba, ba shi da rabo." Ta tsaya da ɓarar, ta dube ni. "Akwai su ne?"

Na ce mata gyaɗar bana duk ƙwari sun ɓata ta. Ta daɗe tana kallona, ba ta ƙara tambaya ba.

Malam na fara kai wa maganar, don ban taɓa yin abu a bayansa ba. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Kakanku ba mutum ne maras tunani ba, tun kafin in rufe baki ya gane inda abin ya dosa.

"Na ji," ya ce. "Amma maganar dattawa ce, da bakina a ciki. Kuma sun ce in sun zo za su haƙa mana burtsatse."

"Daga wane ruwan, Malam? Wanda suka rage?"

"Allah ne ke shayarwa."

"Shi ne. Amma mu muka ce ba ma sha."

Ya ajiye carbin a kan buzu.

"Asabe, yaron nan zai tafi. In kamfanin nan bai zauna ba zai tafi, kuma kin san halinsa, in ya tafi ya tafi ke nan. Ni na tsufa. Ki bar maganar nan a cikinki."

To kun ji abin da ke gabana. Wata uwar da sai ta kira ɗanta ɗaki ta ce zauna, ga abin da na ji, me ka gani? Ni ba ni da wannan hanyar. Tun da aka yaye shi uwar Malam ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ni ina duban ƙasa shi yana duban bango. A kwanakin ma ya tsaya a bakin ƙofar, ya ga jarka a gefena, ya ce, "Inna, an kusa. In na fara aiki ba za ki sake ɗaukar wannan abin ba." Na ce Allah ya sa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ina da ƙawa a rugar nan, Dije, mai kawo mana nono, tun muna amare muka saba. Na same ta a ƙorama ta sauke ƙwarya tana hutawa, ƙafafunta duk sun yi furu-furu don tafiya.

"Kaɗo," ta ce, "kun kore mu don ku yi wa baƙi ƙwalisa. Shanu sun rame, 'yan maruƙa ba sa iya tafiyar. Yaushe za ku gama bikin naku mu dawo?"

"Ke dai Bafillatana ba ki iya gaisuwa ba."

"Gaisuwa sai an sha ruwa."

Na zauna kusa da ita na gaya mata abin da na ji, na rabo da na tafki. Ta daina wasa.

"Wato mu ba a ƙirga mu ba."

"Ba a gan ku ba."

"Arɗo ya yi wa Mai Unguwarku alkawari, ba Bafillacen da zai buɗe baki. Ni ma ba zan buɗe ba." Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta gyara gammo. "Amma baƙuwar ai ba a ɗakina take kwana ba."

Ba zan ce muku na yi ta kai da kawowa a raina ba. Na san abin da zan rasa, Malam ya faɗa mini shi a fili. Na kuma dubi matan da ke durƙushe a yashin nan, da 'ya'yan da ke bayansu, na dubi saman ƙoramar inda za a haƙa tafkin. Da gari ya waye na ɗauki jarka da ƙoƙo, na tsaya a ƙofar ɗakin baƙuwata.

"Malama, in kina son miƙe ƙafa, zo ki raka ni."

Ban gaya mata komai da bakina ba, ku riƙe wannan. Na bi da ita ta bayan gari, ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwan shuka, har muka ɓullo kan gaɓa. Ga matan gari nan kaf a cikin yashi, kowace da raminta, jarkoki jere kamar ranar kasuwa. Hira ake ana dariya, da suka ɗago suka gan mu sai wurin ya yi tsit. Matar Mai Unguwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata daga baya ta ce, "Asabe, kin kashe mu." Malama Rabi ta cire takalman nan nata, ta gangara, ta durƙusa a bakin wani rami, ta karɓi ƙoƙo ta kwalfa, ta ga yadda ake jira kafin ya sake taruwa. Sannan ta ce, a hankali, daga wane wata zuwa wane wata kuke yin haka? Ba wadda ta amsa. Sai Talatu mai ƙosai, wadda bakinta bai taɓa iya ajiye magana ba, ta miƙe tana karkaɗe zani.

"To tunda an gani ai sai a faɗa. Daga an gama sussukar dawa ruwa ke fara guduwa, Malama. Kuma in za ki rubuta, ki rubuta mijina daban, wankansa kamar na doki."

Aka fashe da dariya, daga nan baki ya buɗe. Kowace ta faɗi na gidanta, na sha, na girki, na awaki, na masu lambun albasa. Aka nuna mata ramukan Fulani da ke can ƙasa, sawun shanu bai ma gama gogewa ba.

Malama Rabi da kanta ta je zauren Mai Unguwa, ba ta ambaci sunana ba, amma me za a ɓoye, rabin gari ya gan ni. Ta ce a koma ɗibar rijiya kamar kullum, a kira Fulani su dawo, ta ƙara kwanaki tana awo. Arɗo ya ce shi ba a ƙirga masa shanu, sai ta zauna a bakin mashaya tana kallonsu suna wucewa. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna a zaure.

"Iya, ba ni ke yanke hukunci ba. Abin da na gani zan rubuta. Zai yiwu su jawo ruwa daga nesa, su kai tafkin bayan dutse. Zai yiwu kuma su lissafa su ga bai biya ba."

"In bai biya ba fa?"

"Sai su tafi."

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, ba labari. Sai da gero ya fara kai sannan saƙo ya zo wa Mai Unguwa: kuzar da ke dutsenmu ba ta kai ta biya kuɗin bututu da na tafki ba. Motocin nan ba su sake dawowa ba. Malam bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Amma an daina kiransa zaure in za a yi shawara, shi da ake jira kafin a fara, sai ya koma zama a ƙofar gida yana saƙar igiya. Mata sun ɗauke mini gaisuwa na ɗan lokaci, daga baya suka dawo, don a ramin yashi ba inda za ki juya wa mutum baya. Samari kuwa in na wuce sai su yi shiru. Ubanku ya mayar wa mai mashin mashin ɗinsa, ya jira aka gama girbi, ya taya Malam kai dawa rumbu. Da safe ya zo bakin ƙofata da jakarsa.

"Inna, na tafi."

"Allah ya tsare hanya."

Shekara na zagayowa ya aiko aka kai masa uwarku da babbarku. Sauranku can aka haife ku.

Na sha jin labarin garuruwan da aka yi haƙa. Wasu an ce sun yi rufin kwano, sun sami asibiti. Wasu an ce ruwan sha sai sun saya a tanka. Ban je na gani ba, ban kuma san wanne za mu zama ba da na yi shiru. Mai yiwuwa ma da kamfanin ya gano da kansa, don Malama Rabi ta ce tun ranar injin nan hankalinta bai kwanta da rijiyarmu ba. Amma gari in ya yi hasara yana son sunan da zai kira, nawa ne kuwa ke kusa. Ban yi musu da kowa ba.

Da ciwon ajali ya kama Malam, a ɗakin da ke kusa da zaure yake kwance, duk mashin ɗin da ya tsaya a waje sai ya ɗaga kai ya ce a duba ko yaron nan ne. An yi wa ubanku waya, ya taso, amma hanya ta yi nisa. Ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ranar sadakar uku, da rana, bayan masu gaisuwa sun ragu, sai ya yi sallama ya shigo ɗakina, ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Tun da aka yaye shi bai taɓa zama a ɗakina ba sai ranar.

"Inna, da ina nan da ni zan sa shi a kabari."

"Haka ne."

"Ya yi ta tambayata?"

"Ya yi."

Ya sunkuyar da kai.

"Kin san zan tafi, kika kai ta ƙorama."

"Na sani."

"Da za a mayar da ranar fa?"

"Da zan kai ta."

Ya gyaɗa kai. Bai yi fushi ba, bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, na ce amin, ya tashi. Washegari ya bi motar safe. Tun daga shekarar yake aiko ku hutu, da kayan shayi da atamfa, ba ya fashi. Shi kuwa bai sake kwana a garin nan ba, ni ma ban aika a kira shi ba.